Wutsiyar Fim da Yatsan Baba Ayuba

Ranar da na fara koyon ɗaukar hoto a shagon Malam Bitrus, bai ba ni kyamara ba. Reza ya ba ni da kwalin ashana. Ya ce in tsaga kowane tsinke gida biyu, daga kai har gindi, kuma kowane ɓari ya tashi da rabonsa na wuta. Na dube shi, na dubi rezar, na ce a raina ko dai mahaifina ya yi ɓatan shago ne. Na tsaga ashirin, goma sha tara suka murƙushe. Malam ya tattara gutsattsarin a murfin kwalba ya ajiye. Har yau ban san abin da ya yi da su ba, amma zan iya dafa littafi in rantse bai zubar ba.

Saboda ku 'yan waya nake wannan bayani. Kwanan baya a wani biki a garin Gidan Waya na tsaya bayan wata yarinya, na ga ta ɗauki farantin shinkafa hoto sau goma sha ɗaya. Shinkafa ce fa, ba ta motsi, ba ta ƙifta ido. Da na yi magana sai ta ce, "Baba, ai hoto ba wuya, dannawa ne kawai." To, ku matso ku ji. A zamaninmu kafin ka danna sau ɗaya sai ka yi shawara da idonka, da aljihunka, da kakanninka.

Malam Bitrus tsohon malamin makarantar mishan ne da ya ajiye alli ya kama kyamara. Shagonsa yana kan hanyar tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, ɗaki biyu. Na gaba yana da labule da aka zana wa wani bene wanda babu irinsa a duk ƙasar nan, na baya kuma shi ne ɗakin duhu. Mahaifina goro yake sayarwa a kasuwa, kuma shi da Malam sun saba tun suna samari. Da ya ga na gama sakandare ina ta auna tsawon tituna, sai ya kama hannuna ya kai ni. Ya ce, "Bitrus, ga Sule. In ya yi, naka ne. In bai yi ba ma, naka ne." Wajen ƙarshen shekarun 1980 ke nan, daidai lokacin da gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Malam bai ji a jikinsa ba, don shi da ma an haife shi da aljihu a ɗinke.

Fim baƙi da fari muke aiki da shi. A jikin kwalin an rubuta hoto talatin da shida. Malam ya ce wannan ra'ayin kamfani ne. Sauran masu hoto a sarari suke ɗora fim a kyamara, haske ya ƙone musu farkonsa, su danna biyu ko uku a banza kafin su fara aiki. Mu a ɗakin duhu muke ɗorawa, da lalube, kamar mai zura zariya a wando bayan an ɗauke wuta. Da haka muke tatsar talatin da takwas. Bayansu akwai wani ɗan saura a can ƙarshe wanda ba ya cika hoto guda, don almakashi kan ci gefensa wajen yanke fim daga sandarsa. Shi muke kira wutsiya. Ba a sayar wa kowa wutsiya, tunda ba ka da tabbacin abin da za ta haifa. Wani ta cinye masa kunne, wani ta bar shi da rabin amarya. Amma dokar shago ita ce ba a cire fim sai an danna ta. Ko akuya ka gani, ɗauke ta.

Ɗakin duhun kuwa bai fi makewayi faɗi ba. Akwai jan ƙwan lantarki guda, da kwanuka uku, ɗaya na maganin da ke fito da hoto, ɗaya na ruwa, ɗaya na maganin da ke zaunar da shi kada ya gudu. Sai injin da ke haska fim a kan takarda ya ƙara masa girma, muna ce masa inlaja. Magani ba a zubar da shi sai ya koma kalar shayin da ba madara, sannan ma sai an yi masa addu'a an sake gwada shi. In ya tsufa yana jinkirin aiki, don haka sai a ƙara masa lokaci. Malam ba ya duba agogo, da waƙar sujada yake auna lokaci. Sabon magani baiti ɗaya, wanda ya kwana biyu baiti biyu da amshi, tsoho tukuf kuwa sai an kai ƙarshen waƙa an dawo. Ni da nake Musulmi sai da na haddace waƙoƙi uku saboda maganin hoto. Akwai 'yan kwaya, mawaƙan majami'a, a garin nan da na fi su riƙe baiti.

Takarda ita ce sarauniyar shago. Kafin a taɓa cikakken falle sai an yi gwaji da ɗan yanki kamar faɗin yatsa, a ga ko hasken ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Waɗannan yankuna daga gefen fasfo ake samo su, ana tara su a wata baƙar ambulan da Malam ke ɓoyewa kamar takardar gado.

Aikin farko da aka bar ni na tafi ni kaɗai, na zumuntar mata ne a wata ikilisiya a Nok. Mata arba'in cikin anko, kowace da ɗaurin ɗankwalin da ke neman tare wa ta baya fuska. Malam ya ba ni izinin dannawa ɗaya. Ɗaya tak. Ya koya mini dabara, ya ce in sa kowa ya rufe ido, in na ce a buɗe sai in danna, ta haka ba mai ƙiftawa. Na jera su, na ƙirga idanu, na ce a rufe, na ce a buɗe. Daidai nan wata dattijuwa a layin gaba ta yi atishawa. Da muka wanke, fuskarta ta fito kamar an murɗe tsumma. Na ce shi ke nan, yau zan koma goro. Malam ya karɓi hoton. Ya fiƙe fensir ya zauna ya zana mata idanu da baki a kan hoton. Da ta zo karɓa ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa yin kyau haka ba, ta sa a yi mata nata daban.

Abokaina suna ce wa Malam marowaci, ni ma na taɓa faɗa a inda na zaci ba ya ji. Ya kira ni, ya gyara tabarau kamar yana gaban aji. Ya ce, "Sule, mai rowa mutum yake hanawa. Mai tattali bola yake hanawa. Ka taɓa ganin na hana ka abinci?" Ban taɓa gani ba. Hasali ma matarsa kwano biyu take aikowa, nawa ya fi nasa tudu. Ya ce tsimi da tanadi kowace tsohuwa ta iya su, ta ci kaɗan ta rufe saura. Abin da ke gagarar mutane shi ne adanawa, wato ka ajiye abu kuma ka san inda ka ajiye shi. Ya ce wanda ya ajiye ya manta wurin, da shi da wanda ya zubar duk ɗaya ne, sai dai shi ɗakinsa ya fi datti.

Ya nuna mini akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburi. Cike yake da tsofaffin littattafan rubutu na ɗalibansa na da, waɗanda aka gama da su. A kowane shafi ya tsaga wuri da reza ya soke wutsiyar fim, ya rubuta gari da irin taron a ƙasa, a kan lissafin wani yaro da ya ci biyu cikin goma. Daga ranar wannan ya zama aikina, kuma ba aikin da na tsana kamarsa. Wa zai zo neman rabin akuya?

A duk ƙasar Jama'a mutum ɗaya ne Malam ke sara wa a fagen tattali, shi ne Baba Ayuba na Kagoro. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo a ikilisiyarsu. Takalmansa a kafaɗa yake ratayo su ranar Lahadi, sai a ƙofar majami'a yake sa su, kuma an ce takalman sun girmi faston. Batirin rediyonsa a rana yake shanya su kamar kuɓewa. In mai karanta labarai ya tsaya jan numfashi, Baba kan kashe rediyon ya sake kunnawa. Ƙusa ba ta taɓa lanƙwashewa ta tsira a gabansa ba. Amma da wannan hali ya kai 'ya'ya huɗu makaranta har suka zama mutane, kuma duk wanda kekensa ya lalace a Kagoro ya san gwangwanin da zai je a zazzage masa a samo abin gyara, kyauta.

Abu ɗaya ne Baba Ayuba ya ƙi a duniya, shi ne hoto. Ya ce yana da madubi, kuma madubin ba ya neman a biya shi kullum. Katin aikinsa na jirgi da ke da fasfo tun yana saurayi gara ta cinye, ya ce ta taimake shi da wuri. In an jeru za a ɗauki hoto a biki, sai ya tuna yana da uzuri a bayan gida. 'Ya'yansa sun yi roƙo, sun yi fushi, fasto ma ya sa baki. Ya ce wanda ke son ganinsa ya zo, yana nan, ba ya rufe ƙofa.

Wani biki da na je ɗauka a Kagoro, an watse, na duba kyamara na ga saura wutsiya. Na ɗaga kai neman akuya sai na hangi Baba Ayuba can gefe, shi kaɗai, yana kwance igiyar rumfa yana naɗe ta a gwiwar hannu don kada a bar ta a fili. Shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Baba, barka da aiki!" Ya waiwayo, ya ga kyamara a idona, ya ɗaga yatsa ya buɗe baki.

"Kai! Kada ka ɓata..."

Ƙyas.

Washegari sai ga shi a shago, ya tako tun daga Kagoro, ya kawo ƙarata. Ya ce, "Bitrus, yaronka yana wasa da dukiyarka." Malam ya ba shi kujera ya ce ya kwantar da hankali, wutsiya ce, ba wanda ya biya ta. Baba ya ce, "Wutsiya ma ai nama ce." Da muka wanke fim ɗin ban ko buga ta a takarda ba. Na soke ta a littafi kamar sauran, na manta.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ta zo bayan haka da kamar shekara biyu. Hoto mai kala ya shigo, kowa yana ba direban bas fim ya kai Jos a wanke. Amare suka daina son baƙi da fari, suka ce yana mai da leshi kamar likkafani. Kayan aikinmu suka yi tsada, daga baya ma suka ɓace, ka aika Kaduna a dawo maka da saƙon haƙuri. Sai fasfo na ɗaliban kwalejin Gidan Waya ya rage mana, su ma mutum huɗu da kwat ɗaya suke zuwa, ana tuɓewa ana miƙa wa na baya. Ga shi yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Ya koma zama a benci a ƙofar shago, yana mulki da kunne. In na danna sau biyu a kan mutum ɗaya sai in ji tari daga waje. Babbar takarda, irin wadda ake sawa a gilashi a rataye, falle biyu suka rage mana a duniya.

Ranar wata Laraba da safe Malama Rahila ta shigo. Ita ce babbar 'yar Baba Ayuba, tana koyarwa a firamare. Ta gaishe da Malam ta ce, "Baba ya huta jiya." Muka yi mata gaisuwa. Ta ce jana'iza ranar Asabar ce. To, a wajensu in za a kai dattijo, jika ne ke shiga gaban akwati riƙe da hotonsa, daga gida zuwa majami'a, daga majami'a zuwa kabari. Ta ce sun zazzage gidan kaf, sun aika wa dangi, babu. Ta ce, "Malam, mutum ya haifi ma'aikata huɗu a kai shi ba fuska? Me za a ce da mu a Kagoro? Mama ta ce wai Baba ya taɓa zuwa nan da faɗa a kan hoto."

Malam ya juyo da fuska wajena. Ya miƙa ƙafa ya taɓa akwatin ƙarfen.

Ban tuna bikin wa ba ne, ban tuna wata ba. Abin da ya cece ni shi ne Malam gari-gari ya sa nake jera littattafan. Na Kagoro kaɗai goma sha ɗaya ne. Na zauna a bakin ƙofa ina zare wutsiya ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga ta sama. Wanda bai saba ba ba zai gane wahalar ba, don a fim komai a juye yake, baƙin mutum fari ne fat, haƙoransa baƙaƙe, kowa kamar aljani. Na ga rabin amare, na ga ƙafafun 'yan kwaya, na ga akuyoyin da sun isa a buɗe kasuwa. Laraba ta wuce. Ranar Alhamis bayan la'asar, a littafi na tara, a kan wani shafi da aka yi wa jan biro, na ga aljani riƙe da igiya ya ɗaga yatsa.

Almakashi ya ci kafaɗarsa ta hagu da gefen hula. Kuma da yake daga nesa na ɗauka, fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba. Malama Rahila ta zo ta leƙa ta gilashin da muke duba fim da shi, ta ja da baya.

"Sule, wannan yatsan fa? Da bakin a buɗe? Dattijon ikilisiya ne fa. Ka cire yatsan, ka cire igiyar, fuskar kawai muke so, babba."

Na ce, "Malama, in aka ja ƙwayar wake ta cika falle, ba wake za a gani ba."

Ta ce, "Kai dai yi. Ba aikinku ba ne?"

Malam yana waje yana ji, ya yi tari ɗaya. Na yi kamar ban ji ba. Malama ce, da jaka da tabarau, ni kuwa ɗan mai goro.

Ranar Juma'a da sassafe na shiga ɗakin duhu. Na ɗaga kan inlaja har ya kusa taɓa rufi, na yanki kwali na tare yatsan. Na yi gwaji da yanki biyu daga baƙar ambulan, haske ya yi daidai, amma ɗan yanki ba ya gaya maka ko mutum ya yi kama da kansa. Na sa falle na farko, na rera waƙa har ƙarshe na dawo. Abin da ya fito yana da idanu biyu da hanci, wannan kam ba a musu. Inda yatsa yake kuma wani farin gajimare ya zauna a kumatu. Na shanya shi, na sa a ambulan, na hau babur sai Kagoro.

Gidan cike yake. A tsakar gida Yakubu, babban ɗan, wanda ke aikin gwamnati a Kaduna, yana tsaye da takarda a hannu yana ba da umarni. Shanu uku za a yanka, rumfuna takwas, akwati mai gilashi yana hanya. Mama Saratu, matar marigayin, tana zaune a tabarma a ɗaki, matan zumunta kewaye da ita. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi, ta juya shi.

"Wane ne wannan?"

Malama Rahila ta ce, "Baba ne, Mama."

"Baban wa? Wannan kamar mutum ya faɗi cikin kunu. Shekara hamsin ina ba mutum abinci, ban san shi ba? Yarona, ɗauki abinka. In babu, a kai shi haka. Ba za a sa jikata ta riƙe baƙo ba."

Na dawo Kafanchan ana kiran sallar Juma'a. Bayan an sauko na sami Malam a bencinsa. Bai tambaye ni ba, ya ji yadda na jingine babur.

Ya ce, "Saura nawa?"

"Ɗaya, Malam."

"Me ka zubar a na farkon?"

Na ce ban zubar da komai ba, ga shi ma a ambulan.

Ya ce, "Ka zubar da hannu, ka zubar da igiya, ka zubar da dutsen da ke bayansa. Fim ya ba ka mutum, ka ɗebi kashi ɗaya ka watsar da tara. Sauke inlaja. Duk abin da wutsiyar nan ta kama, sa shi a takarda, har inda almakashi ya ci."

Na ce Malama za ta yi faɗa.

Ya ce, "Malama ce ta aure shi?"

Na sauke inlaja. Maganin ya riga ya gaji da aikin safe, don haka na ɗora kwalbar a rana ta ɗan yi ɗumi. Na yi gwaji da yanki uku, abin da a ranar da ba wannan ba sai na yi bayaninsa a gaban kwamiti. Malam ya lalubo ya shigo ya tsaya a bayana, ba ya ganin komai, ya ce shi zai ja waƙar. Na zura falle na ƙarshe a kwano. Baiti na farko, fari fat. Na biyu, fari. Sai a amshi na uku dutsen Kagoro ya fara fitowa, sannan igiya, sannan hula. Yatsan ne ya riga fuskar. Malam bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen waƙar, don shi ba ya barin baiti a kwano.

Rana ta yi sanyi na sake isa gidan, hoton a cikin gilashin da muka cire daga wani tsohon hoton talla na shago. Malama Rahila ta tare ni a ƙofa, ta gani, ta dafe kai.

"Sule, ka kashe mu. Mutane za su yi dariya a jana'iza."

Daga ciki Mama Saratu ta ce, "Kawo nan."

Ta ɗora shi a cinya. Ga Baba Ayuba daga gwiwa zuwa hula, kafaɗa ɗaya babu, igiya a hannu, gira a haɗe, yatsa a sama, baki a buɗe a tsakiyar faɗa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge gilashin da bakin zane.

"Ka gan shi ko. Mutuwa ma ba ta hana shi ba."

Wata daga cikin matan zumunta ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa. Malama ta ce, "Kin gani ko, Mama? Tun yanzu an fara."

"Su yi. Dariya kyauta ce, shi ma ba zai hana ba. Kira mini Yakubu."

Yakubu ya shigo da takardarsa. Mama ta juya hoton ta saita masa yatsan.

"Zo ka gaya wa babanka shanu nawa."

Mutumin nan da ke da direba da masinja a Kaduna ya tsaya yana kallon gilashi. Ya cire hula. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ɗaya, Baba."

"Rumfa fa?"

"Akwai inuwar mangwaro, Baba."

Ranar Asabar jikarsa ta shiga gaba da hoton, yatsa yana nuna duk wanda ya tsaya a bakin hanya. Na ga wani ya tsinci ledar da ya yar. Matan da ke girki suka zare itace biyu daga murhu. Fasto ya taƙaita wa'azi, abin da tsofaffin ikilisiyar suka ce ba su taɓa gani ba. Saniya ɗaya ta ishi kowa har aka kai wa maƙwabta, kuma an ce ko ƙashi ba a jefa wa kare ba sai da dattawa suka zauna. Da aka watse, Yakubu da kansa ya naɗe igiyar da aka ɗaure saniyar da ita.

Litinin da na buɗe shago Malam ya karɓi lalataccen fallen nan na mutumin kunu, ya juya bayansa, ya sa na rubuta A RUFE ƘOFA ANA WANKI da manyan baƙaƙe, muka rataye a ɗakin duhu. Fallen ya fi shekara goma yana aiki a wurin. Sannan Malam ya zauna a bencinsa ya miƙe ƙafa.

"Ina wutsiyar?"

Na ce tana cikin inlaja, ai an gama da ita.

Ya ce, "Littafi na tara. Mayar da ita shafinta. Mutumin yana da jikoki."